Riga ɗaya, hoto bakwai

Ni ba mai hoto ba ne na sana'a. Lissafi nake koyarwa a wata makarantar mishan ta kwana, sai dai ina da kyamara, kuma a irin wannan wuri duk mai kyamara shi ne mai hoto. Sista mai kula da makarantar ta kira ni ofis ta ce, "Malam, ranar Alhamis za ka ɗauki yara hoto, kowa shi kaɗai, sannan aji-aji." Na ce to, a raina ina ganin aikin awa biyu ne. Sai da ya ci yini guda, ya haɗa da safiyar Juma'a.

Hotunan wuri uku za su je: fayil ɗin kowane yaro, iyaye, da kuma masu taimako na ƙasashen waje da ke biya wa wasu kuɗin makaranta, waɗanda ake aika wa wasiƙa da hoto duk shekara. Yaran sun san da wannan na ukun fiye da yadda na zata.

Kuskurena na farko shi ne jiran a tashi daga darasi. Na jera su a fili da tsakar rana, fararen riguna na ƙyalli. Da na duba bayan kyamara sai na ga riguna fes, fuskoki kuwa sun nutse, idanu sun zama ramuka. Ma'aunin hasken kyamara ƙoƙari yake ya mayar da duk abin da ya gani launin toka matsakaici, saboda haka fari mai yawa kan ruɗe shi ya rage haske, baƙar fata ta kwana a ciki. Matsalar tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai hoton wata farar mace, wanda ake kira Shirley, da shi ake daidaita launi, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai mata masu launin fata daban-daban. Na kwashe kaya muka koma barandar coci inda inuwa take, na ƙara haske mataki guda, na sa saurin ɗauka a 1/250 na daƙiƙa saboda yaro ba ya tsayuwa cak, na kuma ba wani ɗan aji shida farin kwali ya riƙa mayar da haske kan fuska. Yaron nan ya riƙe aikin kamar an naɗa shi sarauta.

Hoton aji kuwa ƙifta ido ne ya wahalar da ni. Wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Nic Svenson da Piers Barnes, sun samu kyautar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke ba da dariya kuma ya sa tunani, a 2006 kan wannan lissafi: in mutane ba su kai 20 ba, ka raba yawansu da uku in haske na da kyau, da biyu in ba shi da kyau, amsar ita ce yawan hotunan da za ka ɗauka kafin ka samu wanda ba mai rufe ido. In sun kai 50 ka haƙura kawai. Azuzuwanmu sun haura 30, don haka hoto sha biyar-biyar na riƙa ɗaukar kowane aji. A matsayina na malamin lissafi abin ya burge ni, yaran kuwa ko a jikinsu.

Na so in ƙara da hotunan rayuwarsu ta kullum, ƙararrawar asuba, addu'ar safe, shara, wanki, karatun dare. Ina ganin wannan ce gaskiyar makarantar. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta gan ni na saita ta tana share gaban ɗakin kwana, ta jefar da tsintsiya ta rufe fuska. "Malam, don Allah kar ka ɗauke ni haka. Za su ce abin da nake yi ke nan." Ban taɓa tambayar kaina yadda ita take so a gan ta ba. Iyaye sun sa hannu a takardar izini, wasu kaɗan sun ƙi kuma an kiyaye, amma yaran ba wanda ya tambaye su, alhali Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi. Na goge hoton a gabanta. Daga nan duk wanda na ɗauka sai na nuna masa, in bai yi masa ba mu sake. Wannan ne ya kai mu Juma'a.

Tambayar da ta fi yawa ita ce, "Malam, yaushe za a wanke?" Shirin da aka yi tun farko shi ne a tura ta imel, a wanke na fayil kawai. Wato baƙo a wata nahiya zai riƙe hoton yaro, shi yaron bai riƙe ba. Na koma wurin Sista, ta yi shiru kaɗan, ta ce a wanke wa kowa nasa.

Ina gyara hotunan da dare na lura da ɗigon tawada a aljihun rigar wani yaro. Na goge shi a kwamfuta. Na gaba ma ga ɗigon, wuri ɗaya. Har yara bakwai, wani rigar ta yi masa yawa, wani maɓalli na neman tsinkewa. Mai kula da ɗakin kwanan maza ya yi dariya ya ce tun daren Laraba suka tsara: riga guda ce sabuwa a cikinsu, suka yi layi a bayan coci, mai fita ya tuɓe wa mai shiga.

Ranar da na raba hotunan, mai rigar ya biyo ni har ƙofar aji da na abokinsa a hannu, wanda na goge wa tawadar.

"Malam, ina ɗigon?"

Na ce na cire ne don ya fi kyau.

"To yanzu ta yaya za a san tawa ce?"