Kafin ku dasa mangwaro a tsakar gida

Ƙannena masu sabon gida a Kubwa, Lugbe ko Kuje da ke Abuja, na san kwaɗayin inuwa kan sa mutum tona rami tun bai gama fenti ba. Kurakuran da na tafka a kan mangwaro, yawancinsu ranar dashe na yi su, amma sai bayan shekaru illarsu ta fito.

A fara da wuri. Dashen cikin leda bai wuce gwiwa ba, shi ya sa ake raina shi a manna shi jikin katanga. Mangwaro babban itace ne: saiwarsa na bin danshi har ramin sokawe, rassansa su hau rufi, ganye ya toshe kwata. Ku ba shi aƙalla mita 6 daga gini da sokawe, inda rana za ta wuni a kansa. In filinku bai kai ba, gwanda ko gwaiba ta fi muku.

Ku sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen mangwaro mai kyau a kan gindin wani. Shi yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, kuma ba lallai ya gado zaƙin uwarsa ba. Kowane mai sayar da dashe a bakin titi zai ce muku nasa mai aure ne, don haka ku nemi tabon haɗin a jikin kara da idonku. Wannan tabo shi ne ran itacen, kuma a nan na fi yin ɓarna: na binne shi cikin ƙasa da tunanin zai fi tsayuwa da ƙarfi, karan ya ruɓe. Haɗin ya zauna sama da ƙasa, kamar yadda yake a leda. Duk tohon da ya fito ƙasa da shi a cire tun yana ɗanye, domin na gindin ne, in aka bar shi zai rinjayi auren, ku wayi gari da mangwaro mai zare.

Rami ya kai santimita 60 faɗi da zurfi. Ku ware ƙasar sama ku gauraya ta da bokiti biyu na takin shanu ko na kaji da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Jar ƙasar wasu unguwannin Abuja tana riƙe ruwa, saboda haka ku cika ramin da ruwa ku bar shi ya kwana. In da safe yana nan kwance, ku tara ƙasa ku dasa a kan tudu. A yanka ledar da reza, kada a fasa dunƙulen ƙasar. Ku jira damina ta zauna a Mayu ko Yuni. Ruwan farko na Afrilu yakan yaudari mutum ya ɗauke. Shinge kuma dole ne in akwai awaki a layinku.

Yawan kulawa ma yana cutarwa. A ranin farko bokiti biyu sau biyu a mako ya isa, sai a ƙara zuwa sau uku a zafin Maris. Yayyafin kullum ba ya kai wa saiwa. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindin amma kada ta taɓa kara, kuma ruwan wanki ba nasa ba ne. Itacen da ya girma, daga Nuwamba a ɗauke masa ruwa har ya yi fure, don bushewar ƙasa da sanyin hunturu ne ke tayar da furen. Wanda ake ta shayarwa a lokacin, sabon ganye zai yi ta yi. Haka takin yuriya ke yi in ya yi yawa. A shekarar farko rabin gwangwanin madara na takin zamani NPK 15-15-15 a Yuli, wani rabin farkon Satumba, a zagaye nesa da kara a rufe da ƙasa.

Da ya kai mita ɗaya ku datse kansa, ku bar rassa uku ko huɗu masu fuskantar waje. Furen shekara biyun farko a tsinke shi. Da ciwo, na sani, amma ƙaramin itacen da aka bari ya ɗauki 'ya'ya tsumburewa yake yi.

Tsutsar da kuke samu cikin nunannen mangwaro ƙuda ne ya huda fatar ya yi ƙwai. 'Ya'yan da suka faɗi ƙasa su ne matattararsa. Ku riƙa kwashe su kullum, ku ɗaure cikin baƙar leda ku ajiye a rana kwanaki kaɗan, ko ku binne su da zurfi. Waɗanda suka ƙosa kuma a tsinko su da ɗan guntun reshe, su ƙarasa nuna a ɗaka.