Minshari ya tafi, gyangyaɗi ya ƙi tafiya

Uwargida ce ta riga ni cin moriyar na'urar CPAP, wadda ake ba masu ciwon tsayawar numfashi cikin barci. Tun daren da na fara kwana da ita minsharina ya ɗauke, haka ma shirun nan da ke tsorata ta, inda numfashina ke tsayawa sai ta taɓa ni na zabura. Ita ta samu barcinta. Ni kuwa da hantsi ya yi, ina kan keken ɗinki a shagona na unguwar Asawase a Kumasi, sai ido ya soma nauyi, hamma na bin hamma. Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin na'urar ba ƙarami ba ne, kuma na ɗauka daga ranar na rabu da kasala.

Ga wanda bai san ciwon ba: naman maƙogwaro ne ke sakewa cikin barci ya toshe hanyar iska. Duk tsayuwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10 ana ƙirga ta. Daga 5 zuwa 15 a awa guda ƙarami ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani, kuma nan gwajin barci ya ajiye ni. Na'urar, wadda wani likita a Ostareliya mai suna Colin Sullivan ya bayyana a 1981, iska take hurawa ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Tamkar tabarau take: tana aiki ne muddin tana fuskarka, daren da ka cire ciwon na nan.

Da na koma asibiti da ƙorafina, likita ya ba ni takarda mai tambayoyi 8, ma'aunin Epworth, kan yadda barci ke sace mutum a zaune, ko a mota, ko bayan cin abincin rana. Makinsa na kaiwa 24, wanda ya wuce 10 yana da gyangyaɗin da ya wuce kima. Na wuce. Sai ya zare ɗan katin da ke jikin na'urar ya sa a kwamfuta, ya duba, ya ce, "Alhaji, numfashinka lafiya lau idan tana kunne. Amma ƙarfe nawa kake kwanciya, kuma bayan asuba me kake yi?"

Amsar ita ce rayuwar kowane ɗan Zango. Bayan isha'i a zauna majalisa, ga ataya ga goro, hira ta kai sha biyun dare. Kafin ƙarfe biyar ladan ya kira. A dawo daga masallaci a ɗan kishingiɗa kafin a fita neman koko da ƙosai, kuma wa zai tsaya ɗaura takunkumin na'urar saboda wannan ɗan barcin? Ashe barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa ne naman jiki ya fi sakewa, toshewar ta fi tsanani. Wato lokacin da na fi bukatar na'urar, tana ajiye a kan durowa. Awa 4 a dare da ake yawan faɗa wa masu na'urar, mafi ƙarancin abin da ake lissafawa ne a ce mutum yana amfani da ita. Baligi na bukatar barcin awa 7 ko fiye, kuma babu na'urar da za ta biya maka awannin da ba ka kwanta ba. Goro da ataya kuwa suna da sinadarin kafeyin mai hana barci, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kamar awa 5 da sha. Barin goron dare ya fi komai yi mini wuya, amma na bari.

Sai maganar gemu. Takunkumin da ke rufe hanci da baki ba ya zama daram a kan gashi, iska na zurarewa ta gefe tana busa ido, mutum ya yi ta farkawa bai sani ba. Ban aske ba, kuma ba wanda ya ce in aske. An canza mini zuwa ƙarami mai zama a bakin ƙofofin hanci. Da hunturu hanci na bushewa, don haka nake cika ɗan mazubin ruwan da ke jiƙa iskar. Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ma na da nasa: wuta ta ɗauke tsakar dare, ka farka kana neman iska. Na sayi batir saboda haka.

An kuma ɗebi jinina, domin ciwon suga, ƙarancin jini da rashin aikin tayirod (wani halitta da ke gaban wuya) duk suna kawo kasala, haka damuwa da wasu magungunan mura. Akwai waɗanda ko an gyara duk wannan gyangyaɗin ba ya barinsu, su likita kan rubuta wa magani irin su modafinil. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai kemis ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wani aminina a Aboabo, direban babbar mota ne da ke bin hanyar Kumasi zuwa Tamale. Shi ma an ba shi na'urar, ya ga har yanzu yana gajiya, ya nannaɗe ta ya sa ƙarƙashin gado, wai ba ta aiki. Ni in barci ya sace ni, allura ce za ta soke ni. Shi rayukan mutane ne a kan titi. Na je har gida na ce masa, "Yaya, don girman Allah ɗauki katin nan ka kai a duba." Ya yi alkawarin zuwa bayan Juma'a, na ce ni zan raka shi.

Yanzu ina kwanciya kafin ƙarfe goma, ina mayar da takunkumi bayan asuba, har ƙailula ma da shi nake yi idan ina gida. Nauyin idon hantsi ya ragu sosai, alhamdu lillahi. Na bayan la'asar bai gama tafiya ba, kuma likita ya ce idan na koma zai duba ko ƙarfin iskar na bukatar gyara.