Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Biskit Ya Shiga Makaranta

Masu bibiyata sun san a makon jiya mun tsaya ne a inda maƙwabciyata, tsohuwar Baturiyar nan, ta koma gidan kula da tsofaffi a nan Mancesta, ta bar mana amanar karenta Biskit. Abban Amira ya yarda da sharaɗi ɗaya: kare ba zai wuce ɗan ɗakin ƙofar baya ba, ba zai taka inda muke sallah ba, kwanonsa daban.

Shugabar gidan kula da tsofaffin da nake aiki a ciki ce ta fara kawo shawarar. Ta ce tunda karen yana da sanyin hali, me zai hana in yi masa rajista da ƙungiyar Pets As Therapy, ya riƙa ziyartar tsofaffinmu. Wata mata mai suna Lesley Scott-Ordish ce ta kafa ƙungiyar a 1983, kuma 'yan sa-kai ne ke kai dabbobinsu asibitoci da makarantu da gidajen tsofaffi. Ba sa karɓar kare sai ya kai wata 9 da haihuwa, ya yi aƙalla wata 6 a hannun mai shi, allurar rigakafinsa ta cika, sannan ya ci jarrabawar hali. Kada a haɗa shi da karen da ke yi wa makaho jagora. Shi wancan, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ba shi damar shiga kanti da gidan abinci, namu kuwa sai inda aka gayyace shi.

Da na faɗa wa Hajiya a waya, sai da ta yi salati.

"Ke Rabi, Turai ta mayar da ke mai kiwon kare? Farauta za ki tafi?"

"A'a Hajiya, marasa lafiya zai riƙa dubawa."

"Ikon Allah. To a gaishe da likita."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai har sai da na tambayi malaminmu. Ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke kwanon da ya sha a ciki sau 7 umarni ne da ake bi. Batun ajiye shi a gida ne ke da hadisi mai nauyi, inda aka keɓe na farauta da kiwo da gona, kuma malamai sun yi saɓani kan ko wata buƙata ta gaskiya za ta shiga ciki. Da wannan na samu natsuwar ci gaba.

A Zariya karen kirki shi ne wanda zai tashi unguwa da haushi in ya ji motsi. A nan kuwa kusan duk horon na koya masa ƙin kulawa ne. Faranti ya faɗi, kada ya zabura. Mai keken guragu ya matso, kada ya ja da baya. Tsoho mai ciwon mantuwa ya damƙi kunnensa, ya haƙura har in raba su. Ba duka, ba tsawa. In ya yi daidai sai in ba shi ɗan guntun kaza nan take, don ya gane abin da aka saka masa a kai. Amira ce ke jefar da murfin tukunya a tsakar gida, ni ina riƙe da igiya, maƙwabta suna leƙe ta taga.

Darasi biyu ne suka fi cin ƙarfina, kuma aikina ne ya sa na san muhimmancinsu. Na farko hana shi ɗaukar abu a ƙasa. A gidan tsofaffi ƙwayar magani na faɗuwa ƙarƙashin kujera ba wanda ya lura, kuma maganin hawan jini na mutum na iya kwantar da kare. Biskit irin Labrador ne, su kuwa ba su san ƙoshi ba. Na biyu hana shi ɗora ƙafa a jikin mutum. Fatar tsoho kamar takardar da ta jiƙa take, farce ɗaya ya isa ya yage ta, ga da yawansu suna shan maganin tsinka jini.

Mai horon da muke zuwa wurinta ranar Asabar ta ce rabin aikin nawa ne, ba na karen ba. Ta koya mini in lura da hamma ba barci, da lasar leɓe, da kau da kai. Duk alamun ya gaji ne, kuma a nan ake fitar da shi tun kafin ya yi gurnani. A ganina masu kai karensu ziyara don su ji ana yabonsu su ne ke ƙure dabba har ta yi abin kunya.

Sai ga saƙo ya shigo cewa an sa mana ranar jarrabawa, a wani wurin da Biskit bai taɓa zuwa ba. A daren ne kuma Hajiya ta kira ta ce bizarta ta fito, jirginta zai sauka ranar Alhamis, ɗakin da ke kusa da ƙofar baya take so saboda gwiwarta.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.