Daren Gwajin Jarumta a Ramin Kiyotaki

A tsakiyar watan Agusta na isa Kyoto, a makon Obon, lokacin da Japanawa suka yi imani cewa ruhin magabatansu kan dawo gida ziyara, kuma lokacin da zafi da gumi kan hana mutum sakat ko da rana ta faɗi. Ɗaliban da suka karɓi baƙuncina ne suka gayyace ni kimodameshi, al'adarsu ta zuwa wurin da ake tsoro da dare, domin a ganinsu tsikar jiki idan ta tashi tana rage zafi.

Daga Arashiyama, wani yanki a yammacin Kyoto, muka haura ta Adashino, tsohuwar makabarta inda haikalin Nenbutsuji ya tattara gumakan dutse kusan 8,000 na matattun da ba su da mai tunawa da su. Gaba kaɗan ramin Kiyotaki yake, wanda aka haƙa a cikin dutse domin jirgin ƙasan Atago da ya fara aiki a 1929 aka daina a 1944, daga baya ya koma hanyar mota mai layi ɗaya.

A bakin ramin muka tarar danja ta ba da hannu, amma abokan tafiyata suka ƙi motsawa, wai wanda ya iske ta kore fatalwa ce ke kiransa, sai an jira ta yi ja ta sake komawa. Muna tsaye wata ɗaliba ta ba ni labarin da ke cikin Okagami, wani tsohon littafin tarihin Japan, na yadda Sarki Kazan ya tura 'ya'yan gidan Fujiwara uku sassan fada a wani dare mai ruwa don gwada jarumtarsu, biyu suka juyo da gudu, na ukunsu Michinaga kuwa ya yanko ɓallin ginshiƙi ya kawo shaida. Har yau akan bukaci shaida, sai dai hoton waya ya wadatar.

Mun shiga bibbiyu, bango yana tsattsafo da ruwa, sautin takunmu yana dawo mana kamar wani na biye da mu. Ni dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙuncin hanyar, domin da wata mota ta taho sai da muka manne da bango har rigata ta jiƙe. Da muka ɓulla ƙauyen Kiyotaki a gindin dutsen Atago, babu wanda ya kawo zancen komawa da ƙafa, saurayin da ya fi kowa cika baki ne ma ya kira mana tasi.