Kanal ɗin da ba a noma da shi

Ni ɗan Kura ne, don haka ba wanda zai koya mini kanal. A gefensa na tashi. Ruwan da ake sakowa daga dam ɗin Tiga shi ya raine mu: da shi Baba yake noman alkama da tumatir da rani, a cikinsa muka koyi iyo, a kansa kuma muka sha bulala ba adadi. Shi ya sa ranar da wata Hajiya 'yar Kumasi da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi ta ce da ni, "Ɗana, ka daina ƙunshe kanka a ɗaki kamar mai jego, ranar hutunka ka je bakin kanal ka miƙe ƙafa," sai da na sake dubanta. Kanal a Bradford? A wannan sanyin me za su noma?

A watan Satumba na 2022 na sauka Ingila, karatu ya kawo ni, aikin dare kuma yake biya mini kuɗin haya. Sanyi an gaya mini tun a gida, na zo da shirina. Duhu ne ba wanda ya gaya mini. A watan Disamba ƙarfe 4 ba ta cika ba an yi magariba. Azahar, la'asar da magariba suna bin juna kamar ana koro su, in ka dawo daga aiki da safe ka ɗan runtsa, kafin ka farka rana ta tafi abinta. Na yi sati guda cur ban ga hasken kirki ba. Abin da ya fi duhun ci mini rai kuwa shi ne shiru. A Kura tsakanin ƙofar gidanmu da masallaci sai ka gaisa da mutum goma, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka mutanen gida. A nan na yi wata huɗu ina haɗuwa da maƙwabcina a matattakala, iyakarmu ɗan murmushin nan nasu na matse leɓe. In Inna ta kira ta ce, "Ya baƙunta?" sai in ce alhamdulillahi, in yi sauri in sako zancen ƙannena.

Ban bi shawarar Hajiya ba sai cikin azumin 2023, a watan Afrilu. An riga an tura agogo gaba da awa guda a ƙarshen Maris, yini ya miƙe, sai wajen 8 na dare ake shan ruwa. Tsakanin la'asar da magariba akwai wani dogon fili da ba barci ba karatu, sai kallon agogo. Na hau jirgin ƙasa a tashar Forster Square, ko minti 15 ba a yi ba na sauka a Saltaire, wani ɗan gari da kanal ɗin ya ratsa.

Wannan lokacin ne masu fassara suke kira bazara, kuma sunan bai taɓa zauna mini ba. Bazarar da na sani ita ce ta zafin da ke hana barci a ɗaki, ta mangwaro da kwana a tsakar gida ana jiran hadari. Tasu kuwa fitowa ce daga sanyi. Itatuwan da na ɗauka sun mutu tun Nuwamba, har ina mamakin me ya hana a sare su a yi makamashi, sai ga su sun fesa ɗanyen ganye sharaf.

Daga tasha in ka gangaro, abin da zai fara tare maka ido shi ne masaƙar Salts Mill, ginin dutse zungurere mai hawa-hawa, kanal ɗin ya ratsa tsakaninta da 'yar'uwarta. Wani attajirin ulu, Titus Salt, shi ya buɗe ta a 1853. Ya ga hayaƙi da ƙazantar Bradford na wancan zamani suna cinye ma'aikata, sai ya kwashe harkarsa ya dawo bakin kogin Aire, ya gina wa mutanensa gidaje sama da 800, da makaranta, da asibiti, da coci. Gidan giya ne bai gina musu ba, abin da ya sa na ce ashe da an haɗu da an yi hira. Sunan garin ma sunansa ne aka haɗa da na kogin. Masaƙar ta daina aiki a 1986, yanzu shagunan littattafai ne a ciki da zane-zanen David Hockney, wanda haifaffen Bradford ne, a 2001 kuma UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Dattawan Pakistan da nake sahu ɗaya da su a masallaci, da yawansu irin waɗannan masaƙun ne suka kawo su a shekarun 1950 da 1960, kuma aikin dare suka yi. Tun da na san haka nake yi musu wani kallo daban.

Shi kansa kanal ɗin, gaskiya da farko raina shi na yi. Ruwa ne baƙi-ƙirin, a kwance, ba ya gudu kamar namu. Ba mai wanki, ba mai wanka, ba injin ban ruwa ko ɗaya da ke tartatsi a gefe. Sai da na ci karo da wata 'yar alamar ƙarfe a bakin hanya mai nuna mil nawa ya rage zuwa Leeds, nawa zuwa Liverpool, sannan na fara lissafi. Mil 127 ne tsawonsa, sama da kilomita 200, wato ya fi Kano zuwa Zariya. A 1770 aka sa masa hannu, ba a gama ba sai 1816, shekara 46, da diga da shebur da baro. A da, kwal da farar ƙasa da ulu yake ɗauka, doki ne yake jan jirgin da igiya, kuma wannan hanyar da nake takawa ta dokin ce. A jikin wasu gadoji har yanzu za ka ga zanen da igiya ta ci a dutse. Na sa yatsa a ciki, ya shige. Liverpool ɗin nan da yaran unguwarmu suka sani da ƙwallo, kakanmu da jirgin ruwa ya san ta, can yake cewa ake kai gyaɗarsu.

Ina tsaye ina wannan tunani wani tsoho ya zo wucewa da sanda, ya dube ni ido cikin ido ya gaishe ni. Har da ƙarin cewa yau gari ya yi kyau. Na waiga in ga ko da wani yake. Kafin in kai makullin ruwa na Hirst, wato ƙofofin da ake tare ruwa da su don ɗaga jirgi ko sauke shi, mutum shida sun gaishe ni, na ƙirga. Wata tsohuwa ma ta kira ni da kalmar nan tasu ta mutanen Yorkshire da ke nufin masoyi, wadda suke jefa wa kowa, direban bas da mai shago da baƙon da ba su taɓa gani ba. Mutanen nan da in kun haɗu a titi kamar an ɗinke musu baki, ashe a bakin ruwa suke ajiye gaisuwarsu. Har yau ban gano dalili ba. Wataƙila don hanyar siririya ce, dole ɗaya ya kauce wa ɗaya, kuma da wuya ka kauce wa mutum ba ka ce masa komai ba.

Ba duka ne daɗi ba. Masu keke suna taho maka ta baya kamar aljanu, sai dai ka ji ƙararrawa a ƙeyarka. Sai karnuka. Kusan kowa da nasa, wasu ba igiya. A fitata ta biyu wani jibgegen kare da ya gama birgima a taɓo ya ɗora mini ƙafafunsa biyu a cinya, uwar ɗakinsa tana ta ba ni haƙuri tana cewa wasa yake so, ba ya cizo. Ni ba cizon ne a gabana ba, da wandon zan yi magariba. Ta yaya zan fara yi mata wannan bayani? Na yi murmushin matse leɓe irin nasu na wuce. Tun daga ranar nake sa wandon kanal daban.

Bayan ƙaramar sallah na koma, na tarar dajin Hirst ya canza kaya. Ƙasan itatuwa gaba ɗaya ya rufe da wasu 'yan furanni shuɗɗa masu sunkuyar da kai, kamar an shanya shadda daga marina. Ga warin tafarnuwa yana tashi daga wani ganye mai farin fure, har na ɗauka wani ne yake soya miya a kusa. Agwagwa ta wuce da 'ya'yanta a jere. A ɗaya gaɓar kuma zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya yana gadin kifi, sak irin na gonar Baba. Shi kaɗai ne a duk ƙasar nan na gani na ce wannan na san shi.

In ka ci gaba za ka bi ta kan wata gada da kanal ɗin da kansa yake hayewa ta saman kogin Aire, ruwa a kan ruwa. Daga nan sai Bingley, tafiyar kamar mil 3 daga Saltaire, inda abin da ya fi ɗaure mini kai yake. Tudu ne a gaban kanal ɗin, jirgi kuma ba ya hawa tudu, sai suka yi masa matattakala. Ɗakunan ruwa biyar ne a jere, kowanne da manyan ƙofofin katako, ƙofar saman wannan ita ce ta ƙasan na gaba. Jirgi ya shiga na farko, a rufe bayansa, a murɗa wani ƙarfe a sako ruwa daga sama, ruwan ya ɗaga shi har ya yi daidai da ɗaki na biyu, a buɗe ya wuce. Haka har sau biyar, ya hau kusan mita 18, ba inji ba lantarki. Tun 1774 yake wannan aiki. Mu ma muna buɗe ƙofar ruwa a kanal ɗinmu na Kadawa, amma don mu kai shi gona. Ban taɓa kawo wa raina ruwa zai iya ɗaukar kaya ya hau da shi dutse ba.

Ranar na tarar da wani dogon jirgi siriri mai fentin kore yana hawa, da tukwanen fure a rufinsa da hayaƙi yana fita ta bututu. Ma'aikacin da ke kula da wurin ya ga na ƙura ido, ya yafito ni, ya nuna mini inda zan jingina bayana a jikin gungumen da ake tura ƙofar da shi. Na dage iya ƙarfina, ko gezau. Ya yi dariya ya ce in dakata, sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Muka tsaya muna kallon ruwa yana tafasa a ƙasa. Da lokacin ya yi, ɗan turawa kaɗan na yi, ƙofar da ta fi bijimi nauyi ta tafi sulululu. Matar da ke tuƙin ta ɗago mini hannu.

A saman matattakalar na kira gida ta bidiyo, ƙanina ya miƙa wa Baba wayar. Na juya kyamara na nuna masa ɗakunan biyar, na nuna masa ruwan da ya miƙe har inda ido ya ƙare, na gaya masa tsawonsa da shekarunsa. Ya kawo fuskarsa dab da gilashi yana kallo.

"To ina gonakin?"

Na ce, "Babu, Baba. Yawo kawai ake yi a kansa yanzu."

Ya yi shiru. Can na ji yana ce wa wani a gefensa, "Zo ka ga ruwan da aka bari yana zaman banza."