Darussan da sana'ar sayar da shat mai sauƙin kuɗi ke koyarwa

Duk wanda ya daɗe a harkar rigunan shat ya san sunan kamfanin da ke wuyan riga ba ya nuna ingancinta, tunda ɗinka shi ake yi, kowa ma zai iya liƙawa. A juya rigar a duba cikinta. Ɗinkin gefe da aka kalmasa sau biyu ya fi wanda aka bi da wibin (ɗinkin da ke nannaɗe bakin yadi) kawai ƙarko. A ƙirga ɗinki a inci ɗaya: 14 zuwa sama ya yi, 8 ko 9 kuwa hammata za ta fara buɗewa.

Kwala ce ke fara mutuwa. Ana manna mata gam a ciki don ta tsaya, to idan gam ɗin na banza ne, bayan 'yan wanki sai ta yi ƙuraje, kuma guga ba ya gyara ta. A murza ta da yatsa. In ta yi ƙara kamar takarda, a ajiye. Girmanta kuma da inci ake aunawa, 15, 15½, 16, kuma yatsu biyu su shiga bayan an ɓalle maɓallin wuya. Harafin M ko L ba abin dogaro ba ne, domin L ɗin Sin kan zo daidai da M ɗin Turai. Gara a auna daga hammata zuwa hammata.

Sai yadi. Yawancin sababbin da ke cikin leda gauraye ne, roba kashi 65, auduga 35. Ba sa yamutsewa, suna bushewa da wuri, amma a zafin Afrilu mai su zai gane kurensa, kuma dutsen guga mai zafi yana sa su sheƙi. Zallar auduga tana shan gumi, sai dai tana son guga kullum, tana kuma ɗan tsukewa a wankin farko.

Gwanjo lamba ɗaya sau da yawa ya fi sabuwar mai araha kyawun yadi. Wuri uku ake dubawa a hasken rana: lanƙwasar kwala, bakin hannu, da hammata, don rawayar gumi ba ta fita. Ga wani abu da ke kunyata mutane: maɓallan rigar maza suna ɓangaren daman wanda ya sa ta, na mata suna hagu, kuma a dila ɗaya suke zuwa.

Mai tumbi ko dogon hannu, gara ya yanki yadi a Kantin Kwari ya kai wa tela. Yadi biyu na mai faɗin inci 60 kan isa matsakaicin mutum. A jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, a kuma tabbatar telan ya saba da kwalar shat, domin gwanin kaftani ba lallai ya iya ta ba.