Abin da ɗaura kyamarar mota ya koya mini game da waya

Yawancin direbobin da ke dawo mini da kyamarar da na ɗaura musu a gilashin gaba, ƙorafinsu ɗaya ne: "Malam, ta ƙi kama waya." Sau da yawa kuma kyamarar lafiyarta ƙalau. Wayar ce ke zillewa.

Wi-Fi ɗin da kyamarar ke fitarwa ba ya ɗauke da intanet. Hanya ce tsakaninta da waya kawai, kuma iyakarta 'yan mitoci. Da waya ta shiga ta ga babu intanet, sai ta sulale ta koma kan data, manhajar kyamarar da ke kan wayar kuma ta tsaya tana ta juyi. A Android saƙo kan fito yana tambaya ko a ci gaba da zama a hakan, amma mutane kan share shi da yatsa ba su karanta ba. Shi ya sa yanzu wayar nake fara karɓa kafin in taɓa kyamara: in kashe data, in kashe VPN in akwai, sannan in duba izinin manhaja. Android kan nemi izinin sanin wuri kafin manhaja ta ga sunan Wi-Fi, iPhone kuwa tun iOS 14 na 2020 sai an yarje wa manhajar kafin ta yi magana da na'urorin da ke tare da ita a hanya ɗaya. Wanda ya danna "a'a" ranar farko don gudun leƙen asiri, ban ga laifinsa ba, amma zai sha fama. Haka mai amfani da CarPlay ko Android Auto, masu haɗa waya da allon mota, ba tare da kebul ba: motar ta riga ta riƙe Wi-Fi ɗin wayar, dole ya saki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zaton bidiyon yana shiga wayarsu da kansa. Yana kan katin ajiyar kyamarar ne, guntu-guntu, na minti 1, 3 ko 5, kuma da katin ya cika sai sabo ya hau kan mafi tsufa. In an goge maka mota yau ka ce sai ƙarshen mako za ka duba, wataƙila shaidarka ta tafi. Kyamara kan kulle guntun da kanta idan ta ji bugu mai ƙarfi, amma ɗan gogar gefe ba lallai ta ji ba. A danna maɓallin kullewa nan take, a sauke guntun zuwa waya a wurin.

Saukewar ma tana son haƙuri. Minti ɗaya na bidiyo mai ingancin hoto 1080p kan kai megabait 100, na 4K ya ninka haka. In kyamarar tana da Wi-Fi na 5 GHz a zaɓe shi, ya fi 2.4 GHz sauri nesa ba kusa ba. Kada a zare makullin mota ana tsakiyar saukewa, domin a motoci da yawa soket ɗin na mutuwa tare da inji, kyamara mai kafasita (ƙaramar ma'ajiyar wuta a madadin batir) kuwa daƙiƙoƙi kaɗan take ƙarawa ta ɗauke. In bidiyon da yawa ne, ni dai cire katin nake in sa a kwamfuta.

Kafin mai mota ya tafi nakan sa ya canza kalmar sirri a gabana, don kamfanoni da dama da 12345678 suke fitar da ita, sannan mu daidaita agogon kyamarar da na waya. Bidiyon da ke nuna kwanan watan da ba daidai ba, kamfanin inshora zai iya ja da shi.